Ban Shafe Ƙuduji Ba

Kullum in na sallame sallar asuba, kafin in sa komai a bakina, gwangwanayen fenti nake fara buɗewa. Guntun katakon filawud nake ɗauka, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba, wanda na shafa wa farin fenti tun jiya ya sha iska. In fita da shi in zauna inda ƙafata ta tsaya, in zana abin da idona ya gani. Wata rana furen kuɓewa, wata rana na auduga, wata rana yashin gulbi, wata rana dutsen Kwatarkwashi in hadari ya hau kansa. Ɗaya a rana. In ya yi kyau shi ke nan, in ya ɓaci shi ke nan. Doka ɗaya na sa wa kaina: zanen da rana ta faɗi a kansa ba na sake taɓa shi.

Ban gama firamare ba, kuma ba na ɓoyewa. A tashar mota ta Gusau na koyi riƙe burushi, wajen wani tsoho mai zanen bayan manyan motoci. Na yi zaki, na yi ɗawisu, na yi jirgin sama yana ratsa gajimare. Na rubuta allunan shaguna har ban san iyakarsu ba. Akwai lokacin da in ka bi wasu layukan kasuwa, hannuna kake gani hagu da dama. Sai injin buga allon talla a kan leda ya shigo gari. A danna kwamfuta, kafin ka sha ruwa an miƙo maka leda mai ƙyalli. Mutanen da na yi wa aiki shekara da shekaru suka riƙa wuce ni kamar ba su taɓa sanin sunana ba. Ko sallama wasu suka daina yi, don kada in zaci aiki suka kawo. Matata ta ga tukunya ta fi kwana a kife, ta tafi ganin gida, ba ta dawo ba. Ni ma ban bi sawu ba.

Haka na tattara sauran gwangwanaye na koma Tsafe, gidan mahaifinmu, inda yayana yake maigida tun rasuwar Baba. Ya ba ni shagon ƙofar gida, ɗan ɗaki marar taga. Ina samun na abinci da fentin ƙofofi da geti da rubuta lamba a jikin keke. Zanen safe kuwa ba na kowa ba ne. Wani malami ya taɓa yi mini nasiha a kan zana abu mai rai, na ce to Malam, fure fa? Ya ce fure da itace da dutse babu laifi. Na ce an gama. Daga ranar na sallami zaki da ɗawisu.

A garinmu ba a kallon fure don fure. Manomi yana duba furen wake ne ya san ko zai samu wake. Amma a kawo fulawar roba daga kasuwa, sai a saya a jera wa amarya a kan kabad. Da suka ga ƙato da furfura a gemu ya tsuguna gaban tumfafiya tun safe yana lissafa ganyenta da ido, sai suka yanke hukunci: talauci ya taɓa shi. Suka sa mini Malam Mai Furanni. Na amsa. Sunan ya fi wasu da suke kiran juna a bayan ido.

Fentin mai ba ya bushewa da wuri, ga wari. Matar Yaya ta ce warin yana shiga har cikin gida yana sa mata ciwon kai, don haka na koma shanya zanen a rumfar mai shayi da ke bakin titi, a kan katakon da yake jera gwangwanayen madara. Shi yana so, don masu shan shayi suna samun abin gardama. Wani ya ce wannan furen rama ne, wani ya rantse yakuwa ce, kafin a rabu an ƙara kofi.

Gonar Baba tana bakin titi, in ka fita gari ka nufi Kucheri. Kowa a Tsafe ya san ta da abu biyu: ɗorawar da iska ta karkatar tun muna yara, da wani dutse mai tsaga a tsakiya inda Baba yake cusa goran ruwansa don kada ya yi zafi. Ba mu raba gado ba. Yaya ne yake noma ta, dawa bana, dawa baɗi, ba taki, ba hutu. Ba na zarginsa da wannan. Tun da daji ya lalace da 'yan bindiga, 'yan uwa daga ƙauyuka suka cika mana gida, har zaure akwai masu kwana. Baki ya yi yawa, rumbu ɗaya ne. Kuma tun da gonakin nesa suka gagari zuwa, gonar bakin titi ta zama abin nema. Wani Alhaji daga Gusau ya aiko yana so, masara zai zuba. Yaya ya tambaye ni, tun da ina da rabo a ciki. Na ce masa ya sayar, ni ko fartanya ba ni da ita.

An shirya Alhaji zai zo ganin gona bayan an yi girbi. Duk wanda ya taɓa sayar da gona ya san dalilin wannan. In an sare kara an kwashe, ƙasa takan kwanta fes, ba ta faɗin komai. Abin da ke cikinta sai damina ta tona.

Abin da ke cikin gonar Baba ƙuduji ne. Wanda bai san shi ba, ciyawa ce da take kama saiwar dawa daga ƙarƙashin ƙasa tana tsotsa. Kafin ka gan ta a sama ta gama aikinta. Dawa ta tsumbure, ta yi rawaya, ta ƙi fitar da kai. Sannan ita kuma ta fito ta yi fure. Manomi in ya gan shi tsaki yake yi, wani har ya tofar da yawu. Gonar da ya cika, an san ta gaji, kuma irinsa yakan daɗe a ƙasa yana jira.

Wallahi ba da wata manufa na je gonar ba. Ƙarshen damina ne, na fita da akwatina ina neman furen kabewa a jikin shinge, ƙafa ta kai ni can. Rana tana ɗagowa ta bayan ɗorawa. Sai na ga ƙarƙashin dawar nan duka ya yi shunayya, daga bakin titi har gindin dutse, kamar an shanya zannuwan biki. Raɓa tana kai. Na daɗe ina neman launin nan. Fentina na geti ne, ja da shuɗi da fari, kuma in ka haɗa su yawanci abin da kake samu ya fi kama da hantar da ta kwana. Ranar nan na ɗiga ja a murfin kwanon da nake damawa, na sa fari da yawa, na taɓa shuɗi da bakin tsinke, na sassauta da kananzir, sai ga shi ya fito. Na zana ɗorawa, na zana dutse da tsagarsa, na zana dawa yadda take, gajera, mai rawayan ganye. Sannan na zuba shunayya inda Allah ya zuba ta.

Na kai rumfa na jingina. Ban gama wanke burushi ba wani ɗan kabu-kabu, mai babur na haya, ya ajiye kofinsa.

"Kai! Wagga ai gonarku ta. Ga ɗorawa, ga dutse."

Na ce ita ce.

"Ashe haka ƙuduji ya cinye ta? La ilaha! Ku zo ku gani."

Suka taso. Mutanen da ba su taɓa bambance furen rama da na yakuwa ba, ranar nan kowa ya zama gwani. Wani ya ce ai dawar ma ba ta kai ƙugu ba. Wani ya ce shi dama ya sani, daga kan babur yana hangowa. Mai shayi ya dube ni yana juya ƙwai.

"Malam Mai Furanni, yau kam ba fure ka zano ba, rigima ka zano. Ka ɗauke abinka kafin maigida ya ji."

Na ce bai bushe ba.

Duk sun san ƙudujin nan. Kullum suna wuce shi. Amma a gona kowa yana iya kawar da kai. A kan katako ne ba su iya ba.

Bayan la'asar Yaya ya iso, da ƙasar gona a ƙafarsa. Bai yi wa kowa sallama ba. Ya tsaya gaban zanen ya daɗe, sannan ya juyo.

"Mi na yi maka?"

"Ba ka yi mini komai ba, Yaya."

"Na ba ka ɗaki. Ana kai maka tuwo. Mi na rage ka da shi da za ka rataye ni a bakin titi?"

"Fure na zana."

"Fure! Duk furen da ke duniya ba ka gani ba sai wanga? Shafe shi. Ka sa kore a wurin."

"Ba kore na gani ba."

"To ka sa rawaya, ka ce kabewa ce ta yaɗu."

Wani a bayan benci ya ce kabewar da ta hana dawa tsawo kam sai a kai ta gidan rediyo. Aka ƙyalƙyale da dariya. Yaya ya kai babban yatsansa kan katakon, daidai inda shunayyar ta fi kauri kusa da dutse, ya danna ya ja. Ya zaci alli ne. Fenti ya biyo yatsa, ya bar shaidar yatsan nan ɓaro-ɓaro, har zanen fatarsa ana gani. Ya goga a gaban rigarsa, riga ta ɗauka. Ya fizgi butar mai shayi ya zuba ruwa yana murzawa, abin ya bazu har tafin hannu.

Na miƙa masa kwalbar kananzir. Na ce, "Ruwa ba ya fitar da shi, Yaya."

Da zuciya ɗaya na faɗa. Amma rumfa ta sake fashewa da dariya, ɗan kabu-kabun nan har yana dukan benci. Yaya bai karɓi kwalbar ba. Ya fita da hannu a dunƙule. Na san dariyar nan ce ta gama lalata abin, ba zanen ba. Babban mutum ne, ba a taɓa yi masa dariya a bainar jama'a ba.

Bayan magariba ya kira ni ƙofar zaure. Muryarsa ta sauka, kuma hakan ya fi tsawar ciwo. Ya ce in dubi mutanen da ke kwance a kan tabarmi a bayansa. Ya ce ba don ya sayi riga zai sayar da gonar ubansa ba. Ya ce magana tana tafiya a mota, kafin Juma'a ta isa Gusau, amma in na shafe aka ga kore, sai a ce dama shirmen Mai Furanni ne, ya gyara. Abu kaɗan yake roƙo, shafa ɗaya ta burushi. In kuwa na ƙi, in ba shi mabuɗin shago, akwai masu buƙatar wurin kwana da suka fi ni sanin darajar gida.

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Na sani a lokacin, na sani yanzu.

Amma ga tawa. Rabin rayuwata ina zana abin da aka ce in zana. Mai kaji ya ce in yi masa kaza mai ƙiba, in yi. Mai shagon magani ya ce in yi mutum yana murmushi, in yi. Direba ya ce zakinsa ya fi na wancan girma, in ƙara masa gashi. Na yi musu biyayya har ranar da suka sami injin da ya fi ni biyayya, suka watsar da ni. Abu ɗaya ya rage mini wanda ba wanda ya saya, ba wanda ya yi oda, ba wanda zai ce ƙara nan, rage can: guntun katakon nan na safe. In na sa kore inda na ga shunayya don an ce in sa, to na koma mai allon shago, kuma wannan karon ko ladan aiki babu. Gobe da asuba in buɗe gwangwani in ce ina yin me?

Ban iya faɗa masa haka ba. Bakina ba ya tsara magana a gaban Yaya. Abin da na ce kawai shi ne, "Zan ɗauke shi daga rumfa. Amma ba na shafewa."

Ya ce, "Ɗaukewa ba ta isa ba, an riga an gani."

Na ciro mabuɗin na ɗora a kan dakali.

Da safe na hau mota zuwa Gusau, daga can na wuce Bungudu, akwati a cinya, zanen a hannu ina kare shi daga kafaɗun mutane don har lokacin bai gama bushewa ba. Akwai wani kafinta a can, abokina tun zamanin tasha, lokacin yana haɗa bodin manyan motoci ni ina yi musu ado. Dama shi ne yake tara mini guntayen filawud. Ya saurari labarin yana fere ƙafar kujera, bai ɗago ba.

"Wato an kore ka daga gidan ubanka saboda ciyawa."

"Saboda fenti."

"Kai dai tun muna samari kanka kamar icen ƙirya. Shiga sito, ka ture garin katako gefe. Amma kada ka zana mini shago, akwai gara a ginshiƙi, ina son sayar da shi wata rana."

A siton nan nake har yau. Na buga ƙusa na rataye gonar Baba a bango, saitin inda nake kwanciya.

Bayan girbi, wata rana da hantsi, mota ta tsaya ƙofar shagon. Alhajin Gusau ne da kansa. Magana ta isa, kamar yadda Yaya ya ce. An kai shi gona ya gani, ƙasa fes, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya gaishe ni da ladabi fiye da yadda masu irin motarsa suke gaishe ni.

"Malam, an ce kai ne ƙanen mai gonar. Tsakaninka da Allah, akwai ƙuduji a cikinta?"

Na ce, "Alhaji, ni ba dillali ba ne, ba kuma shaida ba ne. Ka jira damina ka tambayi gonar."

"An ce ka zana ta."

"Ina zana abubuwa da yawa."

"Sayar mini da zanen."

"Ba na sayarwa ba ne."

Ƙofar sito a buɗe take. Ban jawo shi ciki ba, ban kuma tashi na rufe ba. Na yi tunanin rufewa, ba zan yi ƙarya ba. Amma wanda ya ƙi shafe abu da burushi, ya zo ya shafe shi da ƙyaure, me ya yi ke nan? Alhaji ya leƙa. Ya daɗe yana kallo. Da ya fito sai ya ce, "Wannan tabon na kusa da dutse fa?"

Na ce, "Hannun mai gona ne."

Ya shiga motarsa. Cinikin bai yiwu ba.

Na ji abin da ya biyo baya daga bakin direbobi. Yaya ya sayar da shanun huɗarsa. Wasu daga cikin baƙin gidan sun wuce Gusau neman abin yi. Damina ta zagayo bai zuba dawa ba, gyaɗa ya sa, ya roƙi takin awaki gida-gida. An ce in an ambace ni yakan tashi daga majalisa. Sallah ta zo ta wuce, ban je ba, bai aiko ba. Wanda yake jira in ce ban damu ba, ya daina jira. Shanun nan na san su, ni na yi wa amalankensu fenti. Amma wanda yake jira in ce na yi nadama, shi ma ya nemi wurin zama.

Ina nan ina abina. Na zana gulbin Bungudu yana cike, na zana shi ya koma yashi da 'yan kududdufai. Na zana furen albasa a fadama, wanda masu lambu da kansu suka ce ba su taɓa lura yana da kyau ba. Mutanen nan ma sun sa mini suna, kusan irin na Tsafe. Ban tambayi wanda ya kawo musu ba.

Kwanakin baya aka yi rasuwa a Bungudu, dangin matar Yaya. Na dawo daga bakin gulbi da hantsi, sai kafinta ya nuna mini sito da haɓa. Na shiga na tarar da Yaya a tsaye, hannu a baya, yana fuskantar bango. Ya rame. Na gaishe shi, ya amsa bai juyo ba. Muka yi wa juna gaisuwar rasuwa kamar baƙi.

Can ya ce, "Shagon na nan. Harawa anka zuba a ciki."

Na ce, "Allah ya sa albarka."

"Ka shafe abin nan ka dawo gida. Yanzu ai ba batun ciniki ba ne. Ba na son jikokin Baba su tashi su ga gonarsa haka."

"Haka take ranar da na gan ta, Yaya."

"Taurin kai."

"Gida na samo shi."

Ya yi ƙwafa. Ya matsa kusa har hancinsa ya kusa taɓa katakon. Na ga idonsa ya sauka kan shaidar yatsansa, ya ɗauke da sauri ya kai sama.

"Ɗorawar ma ba ka yi ta daidai ba. Ta fi haka kwantawa. Kuma reshen da ke kallon titi ya karye tun shekarar da anka yi wa Inna aikin ido. Kai da kake cewa abin da ka gani kake zanawa."

Na duba. Na rufe ido na tuno gonar. Gaskiyarsa ne. Ranar nan hankalina duka yana ƙasa wajen shunayya, ɗorawar da na zana ta yarintarmu ce, ba wadda ke tsaye a gabana ba.

Na ce, "Ɗorawa zan gyara."

"Ƙudujin fa?"

"Yana nan."

Ya sa takalminsa. A bakin ƙofa ya yi wa kafinta sallama ya tafi tasha.

Washegari da na sallame asuba ban ɗauki sabon katako ba. Na sauko da gonar Baba daga ƙusa, karo na farko da na koma kan zanen da ya kwana. Na kwantar da ɗorawar yadda ya ce, na cire reshen da ke kallon titi na mayar da sararin sama a gurbinsa. Burushina ya bi ta gefen dutse, ya wuce shunayyar da yatsan da ke cikinta bai taɓa su ba. Na mayar da shi bango ya bushe. Harawa kuma tana can a shago.